Amsoshin Tambayoyinku: Jerin Mutanen da Ke Hawan Dutsen Ƙanƙara

Hoton nan da ya fito a shafin baya na mujallar da ta gabata ya jawo mini aiki. Ga wanda bai gani ba: dutse ne fari fat, ƙanƙara ta lulluɓe shi daga gindi har ƙololuwa, sai wani baƙin zare da ya miƙe a jikinsa. In ka matso da ido sai ka ga ashe zaren mutane ne, kowa ya sunkuya da kaya a gadon baya, goshin wannan a ƙeyar wancan, kamar jerin tururuwa. Layi ɗaya tak aka rubuta a ƙarƙashinsa: masu neman zinariya, 1898. Wasiƙu sun zo da dama a kansa, na zaɓi huɗu.

TAMBAYA: Baba, barka da aiki. Ni ɗalibi ne a Gusau. Mun yi musu da abokina a kan hoton nan, shi ya ce haɗin kwamfuta ne, domin babu mai hankalin da zai hau irin wannan dutse da kaya. Ina ne wurin? Me ya hana su bin hanya mai sauƙi? Kuma sanyi ne ya fi kashe su ko yunwa?

AMSA: Ɗana, ka gaya wa abokinka wannan karon kai ke da gaskiya. Lokacin da aka ɗauki hoton nan ko kakan kwamfuta ba a haifa ba. Wurin sunansa mashigar Chilkoot, a kan iyakar Alaska ta Amurka da ƙasar Kanada. Mutanen kuwa Klondike suka nufa, wani ɗan kogi a yankin Yukon, can arewa maso yammacin Kanada, inda a watan Disamba hasken yini bai fi na awa huɗu ba.

Ranar 16 ga Agusta 1896 aka tsinci zinariya a wani rafi da ke zuba a kogin, wanda nan take aka raɗa masa suna Bonanza. Ka riƙe wannan kwanan wata da kyau, don duk labarin a kansa yake rataye. Wurin ba waya, ba titi, kuma babban kogin Yukon, wanda shi ne hanyar shiga da fita, yakan daskare daga wajen Oktoba har Mayu. Saboda haka waɗanda suka fara ji su ne masu haƙar da dama suna yankin, a sansanoni irin su Fortymile da Circle City. Cikin 'yan makonni suka kafa fegi a Bonanza kaf, suka koma rafin Eldorado da ke maƙwabtaka da shi, wanda ya ma fi shi arziki, shi ma suka rabe. Sauran duniya ba ta ji ba sai bayan wata 11, a Yulin 1897, da jiragen ruwa biyu suka dawo da waɗancan mutane da jakunkunansu: Excelsior ya tsaya a San Francisco, Portland ya tsaya a Seattle ranar 17 ga wata. Jaridu suka buga cewa tan guda na zinariya ya iso.

Abin ya zo daidai da Amurka tana cikin talauci. Tun 1893 bankuna ke durƙushewa, aiki ya yi wuya. Sai gari ya ruɗe. Akawu ya ajiye alƙalami, ɗan sanda ya tuɓe kaki, malamin makaranta ya bar ɗalibai, har magajin garin Seattle, William Wood, ya sauka daga kujerarsa ya bi sahu. An ƙiyasta mutum 100,000 ne suka ɗaura niyya, kuma mafi yawansu 'yan birni ne da ba su taɓa sare itace ba.

Ka tambayi hanya mai sauƙi. Akwai ta, ta masu kuɗi: jirgi ya kai ka St. Michael kusa da bakin kogin Yukon, wani jirgin ya haura da kai, ba hawan dutse ko ɗaya. Amma a 1897, cikin mutum kamar 1,800 da suka bi ta, 43 ne kawai suka isa kafin ƙanƙara ta datse kogin, sauran suka shekare a hanya. Wasu 'yan kasuwar Edmonton sun tallata hanyar tudu ta cikin Kanada, waɗanda suka yarda da su wasu sai da suka shafe wata 18, kuma ko rabinsu ba su kai ba. To, shi ya sa jama'a suka fi sauka a garuruwa biyu na gaɓar Alaska, Skagway da Dyea, don su tsallaka duwatsu da ƙafa.

Daga Skagway ake bin mashigar White Pass. Ba ta kai Chilkoot tsayi ba, kuma an ce dabba na iya bi, sai kowa ya sayi doki. Hanyar kuwa ƙunci gare ta, ga taɓo har ciki, ga duwatsu masu santsi a gefen kwazazzabo. Mutanen da ba su san yadda ake ɗaure wa doki kaya ba suka labta musu fiye da ƙima, ba abinci, ba hutu, sai bulala. Dawakai wajen 3,000 suka mutu, har hanyar ta samu suna hanyar mataccen doki. Ni wannan ɓangaren ya fi kowanne ɓata mini rai, don su dawakan ba su ji labarin zinariya ba. Garin Skagway kansa yana hannun wani ɗan damfara, Soapy Smith, da yaransa. Ɗaya daga cikin dabarunsa shi ne ofishin tangaraho: ka biya dala 5 a aika wa iyalinka saƙo cewa ka iso lafiya, alhali waya ba ta iso garin ba sai 1901. An harbe shi a bakin tashar jirgi ranar 8 ga Yuli 1898.

Daga Dyea kuma ake bin Chilkoot, wadda ke cikin hoton. Tsawon hanyar kilomita 53 ne, kamar Kano zuwa Wudil da ɗan ɗori. In don wannan ne ai da ba labari. Abin da ya mai da ita azaba doka ce. 'Yan sandan Kanada sun kafa shinge a ƙololuwar mashigar, sun ce ba mai shiga ƙasarsu sai da guzurin shekara guda. Abinci kaɗai ya haura kilo 500: fulawa, wake, sukari, nama mai gishiri, busassun 'ya'yan itace. Ka haɗa da tanti, murhun ƙarfe, barguna, gatari, zarto, ƙusa, kyandir, sai kaya su tasar wa tan guda. Buhun masara goma ke nan, kowanne mai kilo 100, na mutum ɗaya.

Yanzu mu yi lissafi tare. Mutum a irin wannan hawa ba ya wuce kilo 30 a baya. Ke nan sahu 30 da ɗoriya. Kowane sahu zuwa da dawowa ne, kilomita 106. Ka ninka sau 30, ka samu fiye da kilomita 3,000 a kan hanyar da ba ta kai kilomita 60 ba. Yadda suke yi shi ne su kai kaya gaba kaɗan su jibge, su koma su ɗauko saura, har su tattara, sannan su sake matsawa. Aikin yakan ci wata uku. Mai kuɗi yana iya ɗaukar 'yan dako daga ƙabilar Tlingit, masu ƙasar, waɗanda suka san hanyar tun kaka da kakanni, amma su ma sun san darajar bayansu, kuɗin dako ya kai har dala 1 a kan abin da bai cika rabin kilo ba.

Inda aka ɗauki hoton shi ne hawa na ƙarshe. An sassaƙa matakala kamar 1,500 a jikin ƙanƙara, an ja igiya a gefe. Layi ɗaya ne, saurin kowa saurin na gabansa. In ka fita don ka huta, kana iya shafe awoyi kafin wani ya yi maka hanya ka koma. Ka kai sama, ka sauke, ka kafa doguwar sanda a kan kayanka don kada dusar ƙanƙara ta binne su ka rasa, sannan ka zauna a kan ɗuwawunka ka sulalo ƙasa cikin 'yan mintuna, ka ɗauki wani ƙunshin ka sake shiga layi. Na yi yarinta a Jos, na san safiyar da yatsu ke ƙin riƙe alƙalami, kuma wannan sanyin bai sauka ƙasa da sifili ba. A can cikin Yukon digiri 40 ƙasa da sifili ba abin mamaki ba ne. Gumin da ka yi wajen hawa shi ne zai daskare a jikinka da zarar ka tsaya. Ƙafar da ta jiƙe ba a bushe ta da wuri ba, yatsunta su mutu su yi baƙi, sai yanka. Hasken rana da ke dawowa daga farar ƙanƙara kuma yana ƙona ido, mutum ya yi kwanaki ba ya gani.

Ranar Lahadi 3 ga Afrilu 1898, bayan an yi kwanaki ana zubar dusar ƙanƙara sannan iska mai ɗumi ta biyo baya, 'yan dakon Tlingit suka ƙi hawa, suka kuma gargaɗi mutane. Wasu suka ji, wasu suka ga ɓata lokaci ne. Gefen dutsen ya zabtaro a sama da zangon Sheep Camp, ya binne mutane. Fiye da 60 suka mutu. Bayan 'yan kwanaki layi ya ci gaba.

Wanda ya tsallake dutse bai isa ba tukuna, saura kilomita 800 na ruwa. A bakin tafkin Bennett da na Lindeman dubban mutane suka kafa tantuna, suka sare bishiyoyi suna tsaga katako don ƙera kwale-kwale. Gungume ake ɗorawa a kan dakali, mutum ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa, suna jan dogon zarto. Na ƙasa garin katako na zuba masa a ido, na sama bayansa kamar ya karye, kowa na ganin ɗan'uwansa ne ba ya ja. An ruwaito aminai da suka sha wuyar dutse tare amma zarto ya raba su, har da masu tsaga kwale-kwalen gida biyu don kada ɗaya ya amfana. Ƙanƙarar tafkin ta fashe a ƙarshen Mayu 1898, jirage fiye da 7,000 suka tashi kusan lokaci guda, na ɗanyen katako, a hannun mutanen da ba su san tuƙi ba. A gabansu akwai matsatsin Miles Canyon da ruwa mai ambaliya na White Horse. Jirage da yawa suka farfashe, mutane suka nutse, sai da shugaban 'yan sanda Sam Steele ya sa doka: kowane jirgi da lambarsa da sunayen mutanen ciki, gwani ne zai tuƙa a wurin haɗari, mata da yara su sauka su zagaya da ƙafa.

A Yunin 1898 suka fara isa Dawson, garin da aka kafa a bakin kogin Klondike. Cikin 100,000 ɗin nan, tsakanin 30,000 da 40,000 ne suka kai. Ka tuna kwanan watan da na ce ka riƙe? Kusan shekara biyu ke nan da raba rafukan masu zinariya. Sun ɗauko tan guda a baya, sun tsallake dutse da ruwa, sun tarar kowane fegi da mai shi. Da yawa suka baje kayan nan a bakin kogi suna sayarwa a kan asara don su sami kuɗin jirgin komawa gida.

Saura tambayarka ta ƙarshe. Yunwa ta ba da tsoro a hunturun 1897, lokacin da jiragen abinci suka maƙale, hukuma ta ce wanda ba shi da guzuri ya bar gari. Wannan ne ma ya haifar da dokar guzurin shekara, kuma duk da azabarta, a ganina ta ceci rayuka fiye da waɗanda ta wahalar. Sanyi ya kashe, ƙanƙara ta binne, ruwa ya ci. Amma a Dawson ciwo ne ya cika maƙabarta. A kan fadama aka gina garin, ba magudana, ba salga ta kirki, ruwan sha da ƙazanta wuri ɗaya suke gangarawa. Da zafi ya shigo a 1898 sai zazzaɓin taifot da atini suka ɓarke. Ga kuma ciwon da ke kama wanda ya yi watanni yana cin wake da gurasa da nama mai gishiri, ba ganye ba ɗanyen abu: dasashi ya kumbura yana jini, haƙora su yi girgiɗi, ƙafafu su yi baƙi. Rashin bitamin C ne, amma ba a gano shi kansa sinadarin ba sai a shekarun 1930. Waɗanda suka yi dace sun sha ruwan dafaffen ganyen bishiyar da ke zagaye da su, ko suka sami ɗanyen dankali. Wani fada na Katolika, William Judge, ya gina asibitin farko a garin, ya yi ta jinyar mutane har ciwon huhu ya kashe shi a Janairun 1899.

TAMBAYA: Malam, ni malamar firamare ce a Zariya. Na duba hoton ban ga mace ba. Babu mata a tafiyar ne? Sannan ita ƙasar ba ta da masu ita kafin zuwan waɗannan mutane?

AMSA: Malama, bari in fara da ta biyun, don ta fi nauyi. Ƙasar tana da masu ita, kuma su suka gano zinariyar. Mutanen da ke bakin rafin nan a Agustan 1896 su ne wani Ba'amurke, George Carmack, da matarsa Kate 'yar ƙabilar Tagish, da ɗan'uwanta Keish wanda Turawa ke kira Skookum Jim, da ɗansu na dangi Dawson Charlie. Masana da yawa na ganin Keish ne ya fara gani. Amma da sunan Carmack aka rubuta fegin farko, saboda tsoron hukuma ba za ta amince wa ɗan ƙasa ba. Da kuɗi suka zauna, Carmack ya rabu da Kate ya auri Baturiya a 1900. Ba ta sami komai daga dukiyar ba, ta koma cikin danginta, ta rasu a annobar mura ta 1920.

Inda aka gina Dawson kuwa, mahaɗar Klondike da Yukon, wurin kamun kifin mutanen Hän ne. Sunan Klondike ma daga kalmarsu Tr'ondëk ya fito, harshen baƙi ne ya karkatar da ita. Da jama'a suka yi yawa, sarkinsu Isaac ya kwashe mutanensa zuwa Moosehide, 'yan kilomita a gangaren kogi. Baƙi suka sare dazuzzuka don itace, namun daji suka yi nisa, ruwa ya gurɓace, cututtukan da ba su saba da su ba suka rage su ƙwarai. In ana lissafin waɗanda suka sha wuyar Klondike a kan manta da su, alhali su ba su je neman kowa ba, su aka iske a gida.

Mata kam sun je, sai dai 'yan kaɗan ne a cikin taron, kuma da dogayen riguna masu nauyi na zamanin suka hau dutsen nan. Martha Black ta tsallake Chilkoot a 1898 da ciki, mijinta ya janye daga tafiyar tun ba a yi nisa ba. Ta haihu a wata bukkar katako a tsakiyar hunturu. Ita ce daga baya, a 1935, ta zama mace ta biyu da aka zaɓa zuwa majalisar wakilan Kanada. Belinda Mulrooney kuma da kasuwanci ta fara. Tufafin siliki da robobin ruwan zafi na ɗumama shimfiɗa ta ɗauko, ta sayar da riba mai kauri, ta buɗe gidan abinci kusa da ramuka, sannan ta gina otal a Dawson. Wasu matan wanki da girki suka yi. Wasu kuma an yaudare su da alkawarin aiki, suka ƙare a gidajen rawa da bashin kuɗin jirgi a wuyansu.

TAMBAYA: Malam, gaisuwa daga Maraɗi. Ni na je Jado, can arewacin Nijar, neman gwal shekarun baya, na dawo da rai amma ba da kuɗi ba. Da na ga hoton sai gabana ya faɗi. Ta yaya ake haƙa a ƙasar da ta daskare? Kuma tsakani da Allah, akwai waɗanda suka samu?

AMSA: Malam, sannu da dawowa, dawowa da rai ma samu ne. Kai ka fi ni sanin rami, don haka zan gaya maka inda nasu ya bambanta.

A Klondike in ka tona kaɗan sai ka tarar da ƙasar da ba ta narkewa rani da damina, tauri kamar kankare, diga sai dai ta yi tsalle. Zinariyar kuwa tana can ƙasa a cikin tsakuwa, dab da dutsen gindi, sau da yawa mita biyar zuwa goma. Sai su hura wuta a kan wurin da dare, da safe su kwashe toka da taɓon da ya narke, abin da bai wuce taƙi ɗaya da rabi ba, su sake hura wata. Haka kullum, har rami ya yi zurfin rijiya, mutum ɗaya a ciki yana cika guga, ɗaya a sama yana ja. In sun kai tsakuwa sai su karkata gefe, nan ma da wuta. Hayaƙin da ya kwanta a rami yana shaƙe mutum, ƙasar da ta narke fiye da kima tana ruftawa. Abin da ya fi cin rai shi ne wanki ba ya yiwuwa sai ruwa ya narke. Mutum zai shekare hunturu yana tara tulin ƙasa a bakin rami, yana gwada 'yar kaɗan a faranti, amma ainihin abin da ya samu ba zai sani ba sai bazara. In ya samu, gwamnati na da kashi 10 cikin 100.

Samu kuwa an samu, ba ƙarya. An ƙiyasta mutum kamar 4,000 sun ga zinariya, 'yan ɗaruruwa suka yi arziki na gaske, kuma galibinsu mutanen 1896 ne. Ko leburanci ya nuna haka: a farko ana biyan dala 15 a yini, lokacin da lebura a Amurka bai cika samun dala 2 ba, amma da taron 1898 ya iso hannaye suka yi yawa, lada ya faɗi, a garin da ƙwai ɗaya ya kai dala guda. Masu arzikin ma ba duka suka riƙe ba. Alex McDonald, da ake wa kirari da sarkin Klondike, ya zuba dukiyarsa a sayen fegin da ba komai, ya mutu a 1909 ba shi da abin kirki. Charley Anderson, wanda aka sayar wa fegi a Eldorado kan dala 800 yana cikin maye ana ganin an cuce shi, ya haƙo zinariya ta kusan dala miliyan guda, ya ƙare rayuwarsa yana aiki a injin tsaga katako.

Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. 'Yan kasuwar Seattle da suka sayar da tanti da fulawa, masu jirage, masu gidajen abinci, su suka fi cin moriya. Wani Bajamushe, Friedrich Trump, ya buɗe gidan abinci da masauki a Bennett sannan a Whitehorse, ya tara jari ya tafi. Jikansa Donald ne ya zama shugaban Amurka. Wani ɗan Suwidin, John Nordstrom, ya fita da dala 13,000, bai sake komawa rami ba, ya buɗe shagon takalma a Seattle a 1901, kuma har yau kantunan na ɗauke da sunansa.

Na san dalilin faɗuwar gabanka. Da aka ji labarin Jado a 2014, mutane sun kwarara daga Nijar da Cadi da Sudan da Libiya, har gwamnati ta rufe wurin a 2017. Ku ƙishirwa da rairayi, su sanyi da ƙanƙara. Ina jin in na tambaye ka wa ya fi dawowa da kuɗi tsakanin mai haƙa da mai tankar ruwa da mai Hilux, ba za ka daɗe kana tunani ba. Akwai kuma abin da ya same mu wanda su bai same su ba: zinariyarsu gari ce da ƙwayoyi a cikin tsakuwa, wankewa kawai ake yi, ba a daka dutse a tsakar gida. A Zamfara daka dutse mai gubar dalma a cikin gidaje ya kashe yara fiye da 400 a 2010. In ka sake rubutowa, ka gaya mini nawa kuka riƙa sayen jarkar ruwa a can, kuma wata nawa da fara haƙa kafin labari ya iso ku Maraɗi. Ina son in kwatanta da wata 11 ɗin nan.

TAMBAYA: Baba, garuruwan nan suna nan har yanzu? Daga wata 'yarka a Kumasi.

AMSA: 'Yata, wasu suna nan, wasu sun tafi. Dawson ta sha gobara, mafi muni ita ce ta 26 ga Afrilu 1899 da ta cinye gine-gine fiye da 100. A shekarar kuma aka ji an ga zinariya a rairayin bakin teku a Nome, can yammacin Alaska, sai mutanen da suka rasa fegi suka sake ɗaure kaya, dubbai suka bar gari cikin mako guda. Manyan kamfanoni da injuna suka gaje rafukan. Yau mazauna Dawson ba su kai 2,000 ba, ana ɗan haƙa har yanzu, ana kuma karɓar 'yan yawon buɗe ido. Skagway ta rayu saboda layin dogo da aka fara a 1898 aka gama a 1900, wanda ya bi ta White Pass. Da jirgin ƙasa ya fara aiki ba wanda ya sake ɗaukar buhu ya hau Chilkoot, sai masu sha'awar tafiyar ƙafa, waɗanda har yau suna iske ruɓaɓɓun takalma da gwangwanaye a gefen hanya.

Dyea kuwa, inda layin cikin hoton ya faro, daji ya cinye ta. Abin da ya rage shi ne guntayen turakun tashar jirgi a cikin taɓo, da wata maƙabarta a cikin bishiyoyi, inda allunan kaburbura ke ɗauke da sunaye da garuruwa daban-daban, amma kwanan wata ɗaya: 3 ga Afrilu 1898.